Tambaya da Amsa: Ina so in ɗauki bidiyon hanyar ziyara ta Shikoku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Japan, ina da 'yar kyamara kuma naji labarin wata tsohuwar hanyar ziyara a tsibirin Shikoku, ina so in ɗauke ta in saka a YouTube da Hausa, to ta ina zan fara kuma shin mota zan bi ko ƙafa? — Ɗalibi daga Osaka

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Hanyar ana ce mata Shikoku Henro, wuraren ibada 88 ne na mabiya addinin Buda da suka zagaye tsibirin, tsawonta kusan kilomita 1,200, ta ratsa jihohi huɗu: Tokushima, Kochi, Ehime da Kagawa. Duk ana danganta ta da malamin nan Kukai da suke kira Kobo Daishi, an haife shi a 774 a yankin Zentsuji inda wuri na 75 yake, ya rasu a 835. Na farko shi ne Ryozenji a garin Naruto, daga Osaka ma ba nisa, na 88 kuma Okuboji.

Maganar mota kuwa, gaskiya idan bidiyo kake nufi ka manta da ita. Masu bas suna gamawa cikin kwana goma da 'yan kai, amma me zasu ɗauko banda ƙofa da wurin fakin? Mai ƙafa yana cin kwana 40 zuwa 60, na san karatu bazai barka ba, to ka yanka ta gida gida duk hutu ka ɗauki wani yanki, su kansu Japanawa da yawa haka suke yi kuma ba wanda zai ce ka yi ha'inci. Ka zaɓi Maris zuwa Mayu ko Oktoba da Nuwamba, Yuni ruwa ne, daga baya kuma zafi da guguwa.

Ni da zan zaɓa maka, hawan dutsen Shosanji, wuri na 12, kada ya wuce ka, sun yi mishi laƙabi da mai kayar da maziyarci saboda tsayinsa, daji ne sosai. Sai gabar tekun Kochi, tsakanin na 37 da na 38 a Ashizuri kusan kilomita 80 ne ba ko ɗaya daga cikin wuraren ibada 88 ɗin, kai da teku da ƙauyukan masunta kawai, kuma a nan ne labarin yake wallahi.

Domin abin da ya fi gine-ginen daɗi shi ne mutanen hanya. Akwai al'adar osettai, tsohuwa zata tare maziyarci ta miƙa mishi lemo ko shayi ko 'yan kuɗi, ƙin karɓa rashin ladabi ne a wurinsu, shi kuma sai ya bata wata 'yar takarda mai sunansa. Maziyartan zaka gansu da farar riga da malafa da sanda, sandar a imaninsu Kukai ne ke rakiyarsu, shi yasa basa buga ta a kan gada, wai ya taɓa kwana a ƙarƙashin wata gada a Ehime. Ka tambaye su da bakinsu me ya fito dasu, wani rasuwa aka yi mishi, wani ritaya ya yi, amma fa ka nemi izini kafin ka ɗora kyamara a fuskar mai addu'a, kuma wurare da dama sun hana ɗaukar cikin ɗakin bautar.

Ba dole sai ka yi ibadarsu ba, baƙi suna bi a matsayin matafiya. Abinci dai ka kula, a masaukan ƙauye ana saka naman alade ko giyar girki a miya, ka faɗa musu tun lokacin da kake kama ɗaki, kuma ka riƙe tsabar kuɗi don ba ko'ina ake karɓar kati ba.