Tambaya da Amsa: Ina Rubuta Labarin Hari Zuciyata na Tafasa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Batsari ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, ina da shafi a Facebook inda nake sa labaran ƙauyukanmu. Da aka kai hari garin kawuna, na rubuta cewa Fulani sun kashe mana mutane. Tun ranar wani abokina Bafulatani, wanda muka yi makarantar allo tare, ya daina amsa gaisuwata. Wasu kuma sun ce in na sassauta harshe na ci amanar mamatan. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri.

Ɗana, ba mai hana ka jin zafi, jininka aka taɓa. Amma abokinka ya fi ka gaskiya. 'Yan bindiga ne suka shiga garin kawunka, su za ka ambata. Rugage nawa aka kwashe wa shanu a bakin dajin Rugu? Wanda rubutunka ya harzuƙa ba zai shiga daji neman mai bindiga ba, makiyayin da ya kawo akuya kasuwa zai tare. Kuma ranar da 'yan sa-kai suka kashe mutum ba shari'a, ka rubuta shi da zafin da ka rubuta wancan. Mu 'yan jarida, son kanmu ya fi ɓuya a labarin da muka ƙi bugawa don namu ne suka yi.

Sai batun adadi. Ka tuna Ƙanƙara, daren 11 ga Disamba 2020, da aka sace ɗaliban makarantar sakandare. Gwamna Masari ya ce ɗalibai 333 ake nema, a waya kuwa kowa da lissafinsa. Sai ga muryar Shekau yana cewa aikinsa ne, gwamnati na cewa 'yan bindiga ne. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Duk tsawon kwanakin nan iyaye na tsaye a ƙofar makaranta, kowace jita-jita a kansu take sauka. Saboda haka faɗi wanda ya gaya maka: mai gari ne, 'yan sanda, ko wanda ya tsira? Ka tambaye shi, ganau ne ko jiyau. Nemi mutum na biyu da ba gidansu ɗaya ba. Hoton gawa kuwa bar shi, sau da yawa ma tsohon hoto ne na wani gari.

Masu cewa ka ci amana, karanta musu aya ta 8 a Suratul Ma'ida: kada ƙin wasu mutane ya hana ku adalci. Aya ta 6 a Hujurat ta riga ta umarce mu da bincike kafin mu cuci waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Gyara rubutun a shafin da ka yi shi, jama'a su gani. Daga nan ka taka har gidan abokinka, kada ka tura saƙo.