Na faɗi shari'a, lauyana kuma yana bina ciko

Tambaya: Barista, na yi shari'ar fili a Babbar Kotun Jiha. Mun daidaita da lauyana da baki a kan naira 600,000, na ba da rabi, kuma duk ranar zama sai na ba shi kuɗin mota, ko da an ɗage. Hukunci ya fito ban yi nasara ba, yanzu yana neman ciko, ya kuma riƙe fayil ɗina. Ashe ba shi ya kamata ya dawo min da kuɗina ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amsata ta dogara ne kan bayaninka kaɗai, takardu na iya canza ta.

Bari mu fara da inda ka ɗauki abin ba daidai ba. Kuɗin lauya ladan aiki ne: nazarin takardu, rubuta ƙara, shirya shaidu, tsayuwa gaban alƙali. Hukunci kuwa na alƙali ne, babu lauyan da ke da ikon sayar da shi. Idan ya yi aikin da kuka yi magana a kai, to galibi yana binka cikon ko ka ci ko ka faɗi. Akwai yarjejeniyar da ake ɗaura biya a kan nasara, lauya ya ɗauki wani kaso daga abin da aka samu, amma sai an ƙulla ta a fili tun farko, kuma ba a yin ta wajen kare wanda ake tuhuma da laifi. Ban ga alamar haka kuka yi ba. Kuɗin zama ma ba baƙon abu ba ne. Ranar da aka ɗage, shi dai ya bar ofis ya yini a kotu. Kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci daban suke, na kotu ne, kuma da rasit.

Sai dai lauyan naka ma bai kyauta ba. Dokar ladan lauyoyi ta 2023, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a caja gwargwadon jiha da shekarun lauya a aiki, ta ce a ba wanda ake yi wa aiki sharuɗɗa a rubuce cikin kwana 14 da karɓar aikin. Ya za a riƙe shari'ar fili har zuwa hukunci da maganar baki? Da ya rubuta, da yau kun san ko kuɗin motar yana cikin 600,000 ɗin ko a waje yake, kuma ina ganin a nan ainihin rigimarku take.

Ka rubuta masa ka nemi takardar lissafi dalla-dalla. A Dokar Lauyoyi ba zai iya kai ka ƙara kan ladansa ba sai ya ba ka wannan takarda kuma wata ɗaya ya wuce. A cikin watan kana iya roƙon Babbar Kotu ta sa a tantance lissafin. Fayil kuwa, a mafi yawan lokuta lauya na da damar riƙe takardu har a biya shi. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ma rashin ɗa'a yake dubawa, faɗuwa a shari'a ita kaɗai ba laifi ba ce.

Ni dai ba zan so ka buɗe sabuwar shari'a a kan tsohuwa ba. Ka tattara rasit da shaidar tura kuɗi, ku zauna a gaban wani dattijon lauya ko shugabannin reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku, a nemi ragi ko biya kashi-kashi, a rubuta, ya sakar maka fayil. Ka hanzarta, domin idan kana da niyyar ɗaukaka ƙara, wata 3 ne wa'adin daga ranar hukunci, kuma sabon lauya zai fara tambayarka ko ka sallami na farko.