Daga makarantar jinya zuwa nas mai rubuta magani: ta ina ake bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a kwalejin koyon aikin jinya a Kano. Burina in zama irin nas ɗin nan ta Amurka da ake kira NP, wadda ke duba marar lafiya da kanta har ta rubuta masa magani. Me ya kamata in fara shiryawa tun yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da neman digirin farko a aikin jinya, domin galibi sai da shi ake shiga karatun digiri na biyu, kuma a matakin digiri na biyu ko na uku ake horar da NP. Lasisin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya za ta ba ki bayan kin gama kwaleji zai sa ki aiki a asibiti, amma shi kaɗai ba zai kai ki can ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna bayar da wannan digiri, haka ma Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda ta fi dacewa da mai aiki.

A nan ne da yawa ke ɓata shekaru. Kwasa-kwasan ƙwarewa da ake yi bayan lasisi, kamar na ido a Kaduna ko na ƙashi a Dala, suna da amfani ƙwarai ga mai niyyar zama a gida, sai dai ba sa tsayawa a madadin digiri. Idan dole ki zaɓi ɗaya, digiri ne gaba.

Tun kina makaranta ki sa ido a kan kundin awanninki na zagayen asibiti. Masu tantance takardun baƙi, irin su hukumar TruMerit ta Amurka (wadda a da ake kira CGFNS), suna duba ko kin yi karatun aji da aikin asibiti a ɓangaren manya, yara, haihuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan awannin ɓangare ɗaya suka gaza, ko aka yi su ba a rubuta ba, sai a tsayar da takardunki har ki cike giɓin. Makarantarki ce kuma za ta aika sakamakon kai tsaye, ba a karɓa daga hannunki. Bayan tantancewa sai jarrabawar Turanci idan jihar Amurkar da kika nema ta buƙata, sannan NCLEX, wadda ke ba ki lasisin nas a Amurka.

Shi horon NP ɗin, wanda Loretta Ford da Henry Silver suka assasa a Jami'ar Kolorado a 1965, yakan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu. Darussa uku ne ginshiƙinsa: yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da binciken jikin marar lafiya. Ana kuma yin aƙalla awa 500 ana duba marasa lafiya a gaban ƙwararre. Ƙa'idojin horar da NP na 2022 sun ɗaga adadin zuwa 750. Daga nan sai jarrabawar ɗaya daga cikin hukumomin da ke ba NP shaidar ƙwarewa, irin su AANP ko ANCC, sai lasisin jiha.

Rukunin marasa lafiyar da kika karanta shi ne iyakar aikinki: iyali, manya da tsofaffi, yara, jarirai, mata, ko lafiyar ƙwaƙwalwa. Saboda haka ki zaɓa da wuri, ki nemi a tura ki ɗakin asibitin da ke kula da wannan rukuni. Masu horar da ɓangaren jarirai, alal misali, sukan nemi shekara biyu ta aiki a ɗakin jarirai masu tsananin rashin lafiya kafin a fara awannin horo a asibiti.

Ki yi hattara da tallan karatu ta intanet. Darasin aji ne kawai ake yi a kwamfuta. Awannin asibiti sai da lasisin nas na Amurka, kuma makarantu da dama suna barin ɗalibi ya nemo wa kansa ƙwararren da zai kula da shi, abin da kan jinkirta kammalawa. Kafin ki biya ko kwabo, ki tambaya ko CCNE ko ACEN, hukumomin tantance shirye-shiryen karatun jinya a Amurka, ta amince da shirin, kuma wa zai samo miki asibitin horo. Idan babu amincewar irin waɗannan hukumomi, ba za a bari ki zauna jarrabawar ƙarshe ba.