Rubutu a burauza ko a manhajar kwamfuta: wanne ya fi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Kongo, nan Zariya. Nakan yi dogon rubutu a kan tarihin Zazzau in saka a intanet. Sau biyu ke nan ina tsakiyar aiki a burauza sabis ya ɗauke, rubutun ya salwanta. Yayana ya ce in koma manhajar da ake sakawa cikin kwamfuta. Shin da bambanci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, yayanki ya yi gaskiya. Idan kina rubutu cikin burauza, ajiyar tana can a wata na'ura mai nisa, sabis ne kawai igiyar da ta haɗa ku, kuma ko shafin yana adanawa da kansa, galibi sai da sabis ɗin. Manhaja irin su Microsoft Word ko LibreOffice Writer kuwa a cikin kwamfutarki take ajiye fayil, ko da data ko babu. Word yakan adana kwafin ceto duk bayan minti 10, kina iya mayar da shi minti 2. Duk da haka ki saba wa yatsunki danna Ctrl da S don adana aikin, musamman in kwamfutar tebur ce marar batir, tunda kin san halin wutarmu.

Dalilin da ya fi damuna ni shi ne haruffan ƙugiya. Mai rubutu a kan Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan bai kamata ya riƙa rubuta "kofa" ba, balle ya haɗa baki da baƙi. Windows yana da allon rubutun Hausa da za ki iya ƙarawa, amma ga dabarar da na fi so: ki rubuta k', d' da b' duk inda ƙugiya take, kada ki tsaya. In kin gama, ki danna Ctrl da H, ki musanya su gaba ɗaya da ƙ, ɗ da ɓ. Ki zaɓi bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, in ba haka ba Ƙ ta farkon suna za ta iya rikicewa. Rubutu mai shafi goma, minti ɗaya ya ishe ki. Ki kuma kashe gyaran kalmomi na Turanci, don kada ya yi wa Hausarki jan layi tun daga sama har ƙasa.

Sai maganar gyara. In kin ba malami ko ƙawa su duba, muddin kin kunna bin sawun gyara (Track Changes), manhajar tana nuna duk kalmar da aka cire da wadda aka ƙara, ki karɓa ko ki ƙi.

Kuɗi fa? Word na saye ne. LibreOffice kyauta ne, tun 2011 yake, kuma yana buɗe fayilolin Word. Ya fi miki alheri a kan kwafin sata da ake loda wa mutane, wanda sau da yawa yake zuwa da bairos.

Abu biyu za ki kiyaye. Kwamfuta takan lalace, akan kuma sace ta, don haka duk mako ki tura wa kanki kwafi ta imel. Sannan lokacin ɗorawa, ki liƙa rubutun da Ctrl, Shift da V tare, don ya shiga fes ba tare da tarkacen tsarin Word ba.