Bashin mai shago da kuɗin tallafi: me ya wajaba a kan wadda mijinta ya rasu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Mijina ya rasu bara ya bar ni da yara huɗu, ba ni da abin dogaro sai tallafin gwamnati na naira 25,000 idan ya shigo. Mai shagon layinmu yana bin mu 85,000 na kayan abinci: 55,000 tun maigidan yana raye aka ci, sauran ni na karɓa bayan rasuwarsa. Katina na banki yana hannunsa, kuɗi na shiga yake cirewa. Na kuma ci bashin 20,000 a manhajar waya, yanzu 38,000 suke nema, suna ta kiran mutanen da ke wayata. Mai shagon ya ce idan lokacin zakkarsa ya yi zai lissafa bashin a cikinta. Yaya zan yi in fita haƙƙin mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayun nan da albarka.

'Yar'uwa, kin ɗora wa kanki kayan da ba naki ba. Ciyar da iyali a kan miji take, saboda haka 55,000 ɗin da aka ci yana raye bashinsa ne, ko da ke kike zuwa karɓowa, matuƙar da sunansa ake rubutawa kuma ba ki tsaya masa lamuni ba. Daga abin da ya bari ake biyan irin wannan, kafin wasiyya da rabon gado. Idan an riga an raba, kowane magaji zai mayar da gwargwadon abin da ya karɓa. Idan bai bar komai ba, ba a tilasta ki, ba a tilasta yaransa. Wanda ya biya masa cikin dangi ya yi babban alheri, kuma ki sanar da 'yan'uwansa tun yau, domin ran mumini yana rataye da bashinsa. Abin da ke wuyanki a shagon 30,000 ne, kuma duk abin da ya riga ya cira daga katinki a zauna a lissafa, a cire shi daga wannan.

Kuɗin tallafi halal ne, biyan bashi da shi ya halatta. Amma da sunan gida ake bayar da shi, yaran nan suna da haƙƙi a ciki. Shari'a tana bar wa wanda bashi ya yi wa katutu abincinsa da suturarsa kafin masu bi su taɓa komai, wanda yake cikin ƙunci kuma wajibi ne a saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce. Don haka riƙe katin nan ba daidai ba ne. Ki je da waliyyinki ko limamin unguwa a karɓo shi cikin mutunci, ki canja lambar sirri a ranar. Mutumin ya rufa muku asiri lokacin da kuke nema, kada a wulaƙanta shi.

Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu. A nan mutane ke kuskure: sai su yi alƙawarin kaza duk wata, alhali shirin 25,000 da aka sanar a 2023 biya uku ne aka tsara, kuma ba a kan ƙayyadadden lokaci yake shigowa ba. Ki ce duk ranar da kuɗi ya shigo, bayan abinci da magani, abin da ya rage za a raba. Idan 3,000 ta rage, mai shago da ke bin 30,000 ya karɓi 1,800, masu manhaja da ke bin 20,000 su karɓi 1,200. Duk biya a rubuta da kwanan wata. Idan ya yarda ya yafe wani kaso ki biya sauran, ya halatta tunda lokacin biyan ya riga ya yi, Annabi (SAW) da kansa ya sa Ka'abu ɗan Malik ya sauke rabin bashin da yake bi. Ƙari saboda jinkiri kuwa riba ce.

Sai maganar zakka. Wasu malamai suna ba da fatawa cewa mai bin bashi zai iya yafe wa talaka ya lissafa a zakkarsa. An ruwaito hakan daga Hasanul Basari da Aɗa'u, Ibnu Hazmin ma ya tafi a kai. Hujjarsu ita ce Allah ya kira yafe bashi sadaka a ƙarshen waccan ayar, kuma talakan ya amfana ko ta yaya. Ban yarda da wannan ba, kuma mafi yawan malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, sun ce zakkar ba ta isar ba. Sadakar da ayar ta ambata ta ganin dama ce, ba kowace sadaka ce ke sauke farali ba. Zakka kamar yadda ta zo a hadisin Mu'azu karɓa ake yi daga mawadata a mayar wa matalauta, a nan kuwa ba abin da ya fita daga hannun mai shago, ba abin da ya shiga naki. Bashin da ke kan wanda ba shi da halin biya dukiya ce da mai ita ya kusa fid da rai da ita. Idan ya lissafa ta a zakka, ya ba Allah abin da ya gagare shi karɓa, ya kare tsabar kuɗin da ke aljihunsa, alhali an hana mu nufar mummunan abu mu ciyar daga gare shi. Ki duba ta ɓangarenki ma: a zakkar 30,000 da kin sayi masara a kasuwar Katako, a wannan lissafin kuwa tukunyarki ba ta ga komai ba. Kuma shi Hasanul Basarin a bashin rance ya yi sauƙi, ya cire bashin ciniki, naku kuwa na ciniki ne. Ko a ra'ayinsa ba a tsira ba.

Idan yana son alheri, ya yafe don Allah ya fitar da zakkarsa daban, ko ya damƙa miki zakkar a hannu ba sharaɗi, ba haɗin baki. In kika ga dama daga baya kika biya shi da ita, da yawan malamai sun yarda. In an shirya tun farko cewa za ta dawo, wayo ne, ba ta yi ba. Ke kuma kina cikin masu cin zakka ta fuska biyu, talauci da bashi, kuma a Malikiyya ana biya wa mamaci bashinsa daga zakkar wasu. Ki kai takardar lissafin ga kwamitin zakka na masallacinku, wannan ba bara ba ce.

Bashin manhaja: ki tuba daga shiga riba, ki duba saƙon banki ki ga nawa ne ainihin abin da ya shigo asusunki, domin wasu suna zare kaso tun kafin su tura. Wannan shi ne uwar kuɗi, kuma biyansa wajibi ne, kada wani ya ce miki tunda masu riba ne an huta. Ki rubuta musu cewa shi za ki biya kaɗan-kaɗan. Ki adana saƙonnin barazanarsu, a taimaka miki ki kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. In suka matsa har kika biya ƙarin don kuɓutar da kanki, zunubin yana kansu.

Ina roƙonki kada ki ci sabon bashi don toshe tsoho, kada ki shiga adashen da zubinsa ya dogara da kuɗin da ba ki san ranar zuwansa ba. Idan an samu zakka mai ɗan kauri, ki ware 10,000 ki fara ƙosai ko awara a ƙofar gida, da sanin masu bin ki, domin daga nan biyan zai riƙa fitowa.

Allah ne mafi sani.