Amai da zawo a jirgin ruwa: kada ka ɓoye, ɗana

Wannan saƙon ya shigo wayata bayan sallar isha'i, kuma na amsa wa mai shi a daren, don magana ce da ba ta jiran gobe. Da izininsa na kawo ta nan, saboda 'ya'yanmu masu aiki a jiragen ruwa da otal-otal da gidajen abinci na Turai suna da yawa yanzu.

"Assalamu alaikum Baba, ina wuni, ya Damagaram? Ni ɗan unguwar Zango ne, shekarata huɗu a Faransa, takarduna daidai. Wata biyar ke nan da na samu kwantiragi a wani babban jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, muna tashi daga Marsai mu bi Barsalona da garuruwan Italiya, lokacin sanyi kuma a tsallaka Karibiyan. A kicin nake, ina yanka salak da 'ya'yan itatuwa. Kwana huɗu ke nan fasinjoji na ta amai da zawo. Jiya da dare ni ma na yi amai sau biyu, cikina kuma ya ɓaci. Na sha Flagyl, da safe na sa safar hannu na shafa jel na fita aiki, ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake kada su ce ba ni da lafiya su sauke ni, ga ginin da na fara a gida, ga auren ƙanwata. Inna kuma ta ji labari wajen abokina, tana kuka wai kwalara ce, in baro aikin in dawo. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne.

Ajiye wuƙar nan, ka wanke hannu da sabulu, ka kira likitan jirgin tun daga ɗakinka. Kada ka bari sai an tashi aiki, kada kuma ka jira ka ga ko zai lafa. Sauran bayanin da ke ƙasa ka karanta shi kana kwance.

Likita ne zai tabbatar, amma yadda ka kwatanta, ya yi kama da abin da ake kira norobairos, wanda shi ne ya fi yawan haddasa irin wannan ɓarkewar a jiragen yawon shaƙatawa. Asalin sunan daga garin Norwalk ne a jihar Ohayo ta Amurka, inda ya kwantar da 'yan wata makarantar firamare a 1968, sai a 1972 aka gano ƙwayar. Idan ta shiga jiki takan yi awa 12 zuwa 48 kafin ta nuna kanta, sai amai ya zo wa mutum kwatsam, da zawo, da murɗar ciki, wani lokaci da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku an miƙe. Ana ƙiyasta tana kama mutane wajen miliyan 685 duk shekara a duniya, don haka ko nan Damagaram tana nan, sai dai mu "ɓacin ciki" muke cewa mu wuce. Jirgi ya yi suna da ita ne don ana ƙirga masu ciwo ana bugawa, kuma ga dubban mutane a rufe wuri ɗaya, suna taɓa ƙarfen matakala ɗaya, maɓallin lifta ɗaya, ludayin zuba abinci ɗaya.

Kai saurayi ne, in Allah Ya so jibi warhaka ka warke. Waɗanda nake jiye wa su ne masu cin salak ɗin da ka yanka yau da safe. Ka fi ni sanin su wa ke cika irin jirginku: tsofaffi ne masu cin kuɗin fansho, wasu da ciwon zuciya, wasu da ciwon ƙoda ko na suga, ga kuma iyaye da ƙananan yara. Ruwan jikin da kai za ka rasa ka mayar cikin kwana biyu, tsohuwa 'yar shekara 80 yana iya kai ta gadon asibiti. Ƙwayar ba ta buƙatar yawa, ɗan abin da ido ba ya gani a ƙarƙashin farce ya isa ya kwantar da tebur guda. Salak kuma ba ya hawa wuta, daga hannunka sai bakin mai ci. Ita ƙwayar ma tana jure zafi har wajen digiri 63, ballantana abin da ba a dafa ba. Na san ba mugunta ta sa ka fita aikin ba, tsoro ne, amma amana ce aka ɗora maka, kuma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don ba ka san sunayensu ba.

Jel ɗin nan mai alkol da muka saba da shi tun zamanin korona ba ya yi wa wannan ƙwayar abin kirki. Sabulu da ruwa mai gudana su ne maganinta a hannu, ka cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da wuyan hannu. Safar hannu kuma, idan da hannu mara tsabta ka zaro ta daga kwali, ka riga ka ɓata ta. A nan ina so in daɗe kaɗan, don akwai abin da ya shafe mu mu Musulmi. Muna tsarki da ruwa, abin alfahari ne, amma hannun hagun da ya yi tsarkin shi ne ke buɗe ƙofa, shi ne ke riƙe tumatir lokacin da dama ke yanka. Da yawanmu muna fitowa daga ban ɗaki mu yi alwala mu ɗauka an gama. Alwala ibada ce, tana da falalarta, amma ɗauraye hannu sau uku babu sabulu ba ya fitar da wannan ƙwayar. Sabulu tukuna, sannan alwala. Butarka ma, ko gorar da kake shiga da ita, ka riƙa wanke ta, kada ka ajiye ta kusa da kofi ko buroshin haƙorin abokan ɗakinka.

Akwai kuma wata ɗabi'a da garinmu ya koya mana. Wanda ya tashi a Damagaram ya san jiran ɗan garuwa, ya san famfon da ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, ya san faɗan da uwa ke yi in yaro ya zubar da moɗa guda a banza. Mun koyi wanke hannu da ruwan da bai cika tafi biyu ba. Tattalin nan yana bin mu har ƙasar waje, na sha ganin sa a hannun waɗanda suka dawo hutu. A jirgi famfo ba ya ɗaukewa, ka saki jikinka ka wanke da kyau.

Flagyl ɗin da ka sha ba ya taɓa bairos, haka ma tupaye da sauran kafso da muke haɗiya da zarar ciki ya motsa. Babu allurar rigakafinta, babu kuma maganin da ke kashe ta. Abin da jikinka ke nema shi ne ruwa. Likitan zai ba ka garin gishiri da sikari na leda, ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da aman bai tsaya ba. Wanda ke karanta wannan a inda babu ledar, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sikari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fitsari ya ɗauke, ko jiri na ɗibar ka in ka miƙe, ko ka ga jini a bayan gida, ka faɗa nan take. Ko da watan azumi ne, mara lafiya yana da rangwame, ka sha ka rama daga baya.

To, maganar aiki, wadda ita ce ta hana ka barci. Ka juya lissafin, ɗana, don ka yi shi a baibai. Wanda ya kai kansa wurin likita, abin da ake yi masa shi ne a killace shi a ɗaki. A ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta gindaya wa jiragen da ke shiga tashoshinta, mai taɓa abinci ba ya komawa aiki sai ya cika awa 48 babu amai babu zawo, sauran ma'aikata kuma awa 24. Wannan shirin duba tsabtar jirage yana nan tun 1975. Masu dubawa kan hau jirgi ba sanarwa, su ba da maki bisa 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma littafin masu ciwon ciki na cikin abin da suke buɗewa. In masu ciwo suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata, sai a buga sunan jirgin duniya ta gani. A Janairun 2014 jirgin Explorer of the Seas ya katse tafiyarsa ya koma Amurka bayan mutum sama da 600 sun kwanta. Ka ga kamfani ba shi da abin da yake tsoro kamar ma'aikacin kicin da ya yi shiru. Shi ya sa a kamfanoni da yawa jinkirin kai rahoto laifi ne da ake rubuta wa mutum takardar gargaɗi a kansa, har ya iya kai ga sallama. Kuma abin ba ya ɓoyuwa: kuna kwana ku biyu ko uku a ɗaki, ban ɗakinku ɗaya, in abokin ɗakinka ya kwanta gobe, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya riga shi.

Ka riga ka yi jinkirin yini ɗaya. Ka faɗi gaskiyar lokacin da ya fara da abin da ka yanka da safe, don su san abin da za su zubar. Mai yiwuwa a yi maka faɗa, mai yiwuwa a rubuta. Ka karɓa. Wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba a yi musu hukunci ɗaya.

Kuma kana da haƙƙi a rubuce, kada kowa ya raina maka wayo. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006, wadda ake kira MLC, ta fara aiki tun watan Agustan 2013, kuma ƙasashen da yawancin waɗannan jiragen ke ɗaga tutarsu, irin su Bahamas da Malta da Panama, sun amince da ita. A ƙarƙashinta magani a cikin jirgi kyauta ne gare ka, albashinka kuma yana tafiya cikakke muddin kana kwance a jirgin. In har ciwo ya kai a sauke mutum, kuɗin mayar da shi gida da na jinyarsa a wuyan mai jirgi suke. Abin da ya kamata ka duba a kwantiraginka shi ne kuɗin ƙarin awa da kason kyautar fasinjoji, don su kowane kamfani da tsarinsa. Ka nemi a ba ka takardar likita mai kwanan wata, ka ɗauki hotonta ka ajiye. In aka zaftare maka albashi saboda kwanakin killacewa, akwai hanyar kai ƙara a cikin jirgin, akwai kuma jami'an ƙungiyar ƙwadago ta ITF a manyan tashoshi. Abin da ke ɓata wa mutum wannan haƙƙin shi ne ya ɓoye wata cuta da gangan lokacin gwajin ɗaukar aiki, ka riƙe wannan don sabon kwantiragi.

Sai Hajiya, mahaifiyarka. Kada ka ga laifin kukanta. A kunnen mutanenmu "amai da gudawa" sunan kwalara ne, kuma ba a manta da 2021 ba, lokacin da ta yi ɓarna a jihohin Damagaram da Maraɗi. Uwar da ta ga an ɗauki maƙwabci da safe an binne shi da la'asar ba za ta ji ɗanta na amai a tsakiyar teku ta yi barci ba. Ka kira ta da bidiyo ta ga fuskarka, ta ga kofin a hannunka. Ka gaya mata kwalara bakteriya ce mai tsiyayar da ruwan jiki kamar ruwan wankin shinkafa, tana iya kisa cikin awoyi, wannan kuwa wata ce daban mai wucewa cikin kwana biyu ko uku, kuma da likita a jirgin dare da rana. In ta ce a aiko maka da jiƙo, ka yi mata godiya, ka ce addu'arta ta fi saurin isowa. In ta matsa sai ka dawo, ka tuna mata da hadisin da ya ce wanda annoba ta samu a wuri kada ya fita don gudun ta. Hajiya za ta ji wannan fiye da duk bayanin likita.

Ban ba ka shawarar ajiye aikin ba. Wanda ya katse kwantiragi da kansa sau da yawa shi ke biyan tikitinsa, kuma da wuya a sake kiran sa. Gini da aure ba za su tsaya don kwana uku a ɗaki ba.

Bayan ka miƙe, ka sani ƙwayar tana iya ci gaba da fita a bayan gidanka har mako biyu ko fiye, kuma wanda ya taɓa yi yana iya sake yi, don nau'o'inta da yawa. Kayan da amai ya taɓa kada ka kakkaɓe su, ka ƙulle a leda ka miƙa wa masu wanki ka gaya musu. Ban ɗakin kuma jabel ne maganinsa, bisa ma'aunin da aka koya muku. In hutunka ya faɗo kusa ka zo gida auren ƙanwarka, ka ɗauki nauyin abu ɗaya a gidan bikin: kwanon ruwan nan da ake zagayawa da shi, mutum goma su tsoma hannu kafin a buɗe tuwo, ka sa a ɗauke shi. Ka tsayar da yaro guda da buta da sabulu a bakin zaure yana zuba wa kowa.

In ka fito daga wurin likita ka turo mini hoton shafin kwantiraginka da ya yi maganar ciwo da albashi, mu karanta tare. In kuma ka amince, gobe bayan la'asar zan bi ta Zango in gaishe da Hajiya, in yi mata bayanin da bakina.