Makaɗinka ba boka ba ne

Ɗana, na ga takardar makaɗin da ka tsara wa wasanmu na labari, wanda ake zama a tebur a yi da ɗan lido, kowane ɗan wasa da jarumin da yake riƙe da shi, wadda ka bar mini a kan benci jiya da la'asar, da tambayar da ka rubuta a ƙasanta da jan biro: "Maigida, sau uku ina gwada makaɗin nan da yaran Mabera, kowa cewa yake ba shi da maraba da boka. Me zan ƙara masa?" Ba abin da za ka ƙara masa tukuna. Ragewa za ka yi. Kuma abin da za ka fara cirewa shi ne wanda ka fi ji da shi, wato tsawar nan da ke fita daga kalangunsa ta kashe mutum biyar a bugu ɗaya.

Yaran sun faɗa maka gaskiya. A wasanmu akwai boka, yana jefa wuta. Kai kuma ka karɓe sandar hannunsa ka rataya masa kalangu, ka ce ga sabon jarumi. Wanda ya zauna a tebur ya zaɓi makaɗi yana so ne ya ɗanɗana abin da makaɗi ke ji, kai ko ka miƙa masa abin da boka ke ji.

Ka taɓa ganin makaɗi ya doki wani a filin dambe? Duk wanda Shago ya kai ƙasa, hannun Shago ne ya kai shi, ba na Ɗan Anace ba. Amma tambayi dattawan da suka ga lokacin, za su gaya maka yadda jikin ɗan dambe ke tsuma in kalangu ya ɗauki takensa, mawaƙi ya kira sunan ubansa da garinsu da mazan da ya kayar. Haka abin yake a gayya: mai gangar noma ba ya riƙe galma, amma in ya yi shiru sai ka ga kunya ta daina tafiya. Ƙarfin makaɗi sai ya ratsa ta jikin wani kafin ya isa inda za shi. Duk dokar da za ka rubuta wa jarumin nan, ka fara tambayar kanka: ta jikin wa take bi?

Kada ka ga kamar kai kaɗai abin ya sha wa kai. Turawan da suka fara sana'ar nan ma sun daɗe suna lalube. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a 1974 babu mawaƙi a ciki, sai a 1976 ya ɓullo a mujallar kamfaninsu. A littafin 'yan wasa na 1978 can ƙarshe aka cusa shi, aka kuma gindaya masa sharaɗi mai wuya: sai ka yi matakai, wato hawan ƙwarewar jarumi, a matsayin mayaƙi, ka koma ɓarawo ka yi wasu, sannan ka je ka yi almajiranci wurin bokayen daji kafin a kira ka mawaƙi. Wa ke da wannan haƙurin? A bugun 1989 ne ya zama jarumin da kowa zai iya ɗauka tun ranar farko. Wanda ya fi kusa da abin da nake nuna maka shi ne na 2014. A can mawaƙi yana ba abokin tafiyarsa ɗan lido mai fuska 6, muddin abokin yana cikin tazarar ƙafa 60 kuma yana jin muryarsa, sai ya jefa ya ƙara a kan abin da ya samu. A mataki na 5 ɗan lidon ya zama mai fuska 8, a na 10 mai 10, a na 15 mai 12. Shekara arba'in suka ɗauka kafin su iso nan, alhali mu a nan abin yana da suna tun kaka da kakanni. Zuga ke nan.

Zauna mu yi lissafi, don na lura kana ganin ɗan lido mai 6 kamar ba komai ba ne. A ce mayaƙi yana buƙatar 11 ko sama a kan mai fuska 20 kafin takobinsa ya samu. Fuska goma daga cikin ashirin, wato kashi 50 cikin 100. Tsaka-tsakin abin da mai 6 ke bayarwa uku da rabi ne, kowace lamba ɗaya kuma a kan mai 20 kashi 5 ce. Ka ga zuga ɗaya ta ɗaga shi zuwa kashi 67 da rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni na taɓa raina shi. A wasan farko da na tsara, na bar wa makaɗi zuga ba adadi, kowane zagaye yana yi. Kafin sati uku 'yan wasa sun daina jin tsoron komai, dodon da na kwana biyu ina shiryawa suka gama da shi kafin shayi ya huce. Saboda haka ka ƙayyade. Ni murya nake kiran ma'aunin: makaɗi yana da murya uku a mataki na farko, kowace zuga ta ci ɗaya, ba ta dawowa sai ya kwana ya huta. Kuma ba ya zuga kansa, ko da wasa.

Sai ka ɗora sharaɗin da Turawan ba su da shi. Zuga ba ta kamawa sai makaɗi ya san wanda yake zugawa. Maroƙi ba ya buɗe baki a kan mutum sai ya binciko asalinsa, wa ya haife shi, me kakansa ya yi. A tebur, mai riƙe da makaɗi sai ya faɗi abu guda na gaskiya game da jarumin abokinsa: sunan uwarsa, ko garinsu, ko wata bajinta da ya yi a zaman da ya wuce. Ban ce ka tilasta wa kowa rera waƙa ba, akwai masu kunya, jimla ɗaya ta isa. Amfanin dokar nan a wajen faɗa yake. Za ka ga mai makaɗi yana bin sauran 'yan wasa da tambaya, yana rubuta tarihin jarumansu a bayan takardarsa, su kuma dole su ƙirƙiro tarihin. Tebur ya cika da labari ba tare da mai jan labari, wato jagoran wasan, ya wahala ba.

Daga nan take zai fito da kansa. In makaɗi ya yi tafiya uku da mutum, ya yi masa take. Wanda aka buga wa takensa, in tsoro ya kama shi ya sake shi, in ya suma ya sami damar sake jifa ko zai farfaɗo. Take ɗaya ga kowane mataki, don ya zama sai ya zaɓi wanda zai fara yi wa, sauran su ji haushi.

Inda na fi so ka ɓata lokaci shi ne zambo da habaici, don a nan ne namu ya fi nasu nisa. Su ma suna da baƙar maganar da ke rage wa abokin gaba sa'a, amma iri ɗaya ce, ka faɗa ta wuce. Mu biyu gare mu, kuma kowa ya san ba ɗaya ba ne. Zambo yana siffanta mutum yadda ba mai shakkar da wa ake, a kama tsayinsa ko tafiyarsa ko rowarsa a yi ta ja. Makaɗan fada irin su Narambaɗa a Isa, da kotsonsa a gaban Sarkin Gobir Amadu, ba yabo kaɗai ke ɗaga ubangidansu ba, har da ƙasƙantar da masu ja da shi. To a wasa, zambo ya zare ɗan lido mai 6 cur daga jifar abokin gaba, amma ya bar bashi. Wanda aka yi wa ba ya mantawa. Mai jan labari ya rubuta sunansa, wata rana ayari ya iso ƙofar gari a tarar ƙanensa ne mai tsaron ƙofa. Habaici kuwa ba ya kama suna, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ba ya jawo gaba, ƙarfinsa rabi ne, kuma ga daɗinsa: duk wanda ke wurin da ke da irin wannan laifin a zuciyarsa sai ya jefa ɗan lido a ga ko zai daure, in ya faɗi fuskarsa ta nuna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ka ga makaɗi ya sami hanyar gano maci amana a fada ba tare da ya zare wuƙa ba, wani lokaci ma ya harbi wanda bai nufa ba, har cikin abokan tafiyarsa. Ka gwada wannan sau ɗaya ka ga yadda tebur zai yi tsit.

Doguwar waƙa kuma ka gina ta yadda mawaƙanmu ke ginawa, gindi da ɗiya. Zagayen farko ya kafa gindi, ƙaramin tasiri ga duk mai ji. Kowane zagaye da ya biyo ya ɗora ɗa, tasirin ya ƙaru. In aka buge shi ko aka toshe masa baki, waƙa ta karye, sai ya koma gindi. Muddin yana kiɗa hannuwansa biyu a cike suke, ba garkuwa, ba laɓewa, duk wanda ke dajin ya san inda ayari yake. Ka bar ƙofa ga 'yan amshi: ɗan wasan da ya sadaukar da zagayensa ya karɓa masa, ɗan lidon ya hau daga mai 6 zuwa mai 8. Ba a taɓa yin babban mawaƙin fada shi kaɗai ba.

Kayan kiɗan da ka jera a shafi na biyu, da farashi a gaban kowanne kamar rumfar kasuwa, ka sake su. A wurinmu kowane abin kiɗa da mutanensa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, garaya ta mafarauta, kotso da taushi na fada, da taushi Salihu Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku waƙa. Abin da makaɗi ya rataya shi zai nuna ƙofar da za a buɗe masa da wadda za a rufe. Mai kalangu ya ci nama kyauta a mahauta, amma dogari ya tsayar da shi a zaure. Kakaki da tambari kuwa cire su daga jerin sayarwa gaba ɗaya. Na sarauta ne. Ɗan wasan da ya busa kakaki ba da izinin sarki ba, ya shirya kwana a gidan yari, kuma wannan kansa labarin dare guda ne.

Ka je Majema ka ga yadda ake jeme fata, ka zauna da mai ɗaurin kalangu ko na awa ɗaya. Zai gaya maka fata tana saki da damina sai an gasa ta a bakin wuta, tana ɗaurewa da hunturu har ta iya fashewa, tsarkiya tana tsinkewa, naken kotso, wato danƙon da ake manna wa fatarsa, yana narkewa a irin zafin da muke sha a watan Afrilu. Ɗauki biyu kawai daga ciki ka mayar doka. In ayari ya tsallake gulbi, kalangu ya mutu sai an hura wuta, wuta kuma tana tona asiri da dare. Kada ka wuce biyu, in ba haka ba wasa ya koma aikin akawu.

Saura magana ɗaya, kuma ka ji ta da kunnen basira, don a Sakkwato muke. Na ga ka rubuta cewa makaɗinka yana kiran iskoki da garaya, kowane iska da takensa. Na san daga bori ka ɗauko, kuma ta fuskar tsari abin ya zauna daidai. Amma yaran da za su sayi wasan nan gidajen iyayensu za su kai shi, wasu a Kanwuri, wasu a maƙwabtan Hubbare. Tun zamanin Shehu malaman garin nan suke taka-tsantsan da kiɗa, ko da yake su da kansu da waƙa suka karantar da jama'a, dubi yadda Nana Asma'u ta yi da 'yan taru. Uban da ya buɗe littafinmu ya ga sunayen iskokin bori na gaske, ba zai tsaya sauraron bayaninka ba. Masu bori su ma ba za su ji daɗin an mayar da abinsu wasan yara ba. Ka ƙirƙiri duniyarka irin ta tatsuniya, da dodanninta da sunayen da kai ka raɗa, ka kira abin da makaɗi ke da shi baiwa. A shafin farko kuma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a sa kuɗi a wasan nan, don wani da ya hango ɗan lido caca zai ce.

Tsawar taka ban ce ka yar ba. Ajiye ta sai mataki na 15, ka sa ta a tambari, sau ɗaya a labari gaba ɗaya, kuma fatar ta fashe bayan bugun.

Sake rubuta shafi biyun nan, kada su wuce biyu. Ranar Asabar bayan la'asar ka tara yaran Mabera, ka ba wanda ya fi kowa shiru a cikinsu makaɗin, kai kuma ka ja labarin, ni zan zauna gefe ina kallo. In za ka taho ka biya kasuwa ka sayo kwali mai kauri guda biyar, na katin zuga ya ƙare.